Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskace shi a cikin ƙasa domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi tunatarwa a kan wata ni'ima wadda ido ba ya ganinta sai guga ya fito da ita, watau ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu. Allah Ya rufe Suratul Mulk da tambaya a kan wannan ruwa, inda Ya nemi mutane su faɗi wanda zai kawo musu wani idan nasu ya nutse ya yi nisa. A Suratul Muminuna kuma Ya bayyana cewa Shi ne Ya zaunar da ruwan a ƙasa bisa gwargwado, kuma Mai iko ne a kan tafiyar da shi. Iyayenmu in sun ji waɗannan ayoyi, fari suke tunawa. Mu kuwa a yau ya kamata mu tuna da wani abu daban, domin ɗan Adam ya kai matsayin da yake ɓata wannan ruwa da hannunsa a wajen neman man fetur, da gas, da sauran ma'adinan da ake samun wuta da su.

Kafin mu shiga hukunci, ya kyautu mu san yadda al'amarin yake. Ruwan ƙasa ba tafki ba ne a cikin wani kogo. Yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa da tsagogin duwatsu, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso. Kuma tafiya yake yi sannu a hankali, daga inda matsi ya fi yawa zuwa inda ya fi sauƙi. Ba ya sanin iyakar gona, ba ya sanin katangar kamfani. Man fetur kuwa galibi yana can ƙasa da nisa, hawa-hawan yumɓu da dutse sun raba shi da ruwan sha. Mai haƙar rijiyar mai tilas ya huda waɗannan hawa-hawa duka kafin ya kai ga abin da yake nema. Saboda haka ne ake zura bututun ƙarfe a ramin, a liƙe bayansa da siminti. Idan simintin ya tsage, ko bututun ya yi tsatsa, to, an buɗe ƙofa tsakanin abubuwa biyu da Allah Ya raba.

Ga abin da ya faru a ƙasarmu. An fara samun mai a Oloibiri a shekarar 1956, aka shiga haƙa da shimfiɗa bututu a yankin Neja Delta. A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. A garin Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun tataccen mai, masu binciken sun tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da ke cika rijiyoyin jama'a. Sun kuma sami wata guba mai suna benzin, wadda ke haddasa ciwon daji, ta ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fiye da sau 900. Mata da yara da wannan ruwa suke sha da girki. Hukumar ta ce gyaran yankin yana iya cin shekara 25 zuwa 30. Dubi yadda ɓarna take da sauri, gyara yake da nawa.

Ba malalar mai kaɗai ke kawo cuta ba. Rijiyar mai tana fitowa da ruwan zartsi mai tsananin gishiri, sau da yawa ma ruwan ya fi man yawa. A jihar Oklahoma ta Amurka an riƙa tura wannan ruwa da ƙarfin inji cikin duwatsu masu zurfi domin a rabu da shi. Matsin ya bi ta cikin dutse har ya kai ga tsofaffin tsagogin ƙasa, ya sassauta su. Jihar da a da ba ta wuce ganin girgizar ƙasa biyu a shekara masu ƙarfin maki 3 ba, sai ga ta da kusan 900 a shekarar 2015. A shekarar 2016 aka yi wata mai maki 5.8 kusa da garin Pawnee. Da hukuma ta tilasta rage tura ruwan, girgizar ta ragu. Wannan ya nuna cewa abin da aka binne bai ɓace ba, tafiya ya yi.

Sa'an nan akwai ƙafewa. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda 'yan'uwanmu Hausawa da Buzaye ke zaune tare, an fara haƙar yuraniyom a shekarar 1971, ma'adinin da ake ba da wutar lantarki da shi a Faransa da wasu ƙasashe. Aikin yana shan ruwa mai yawa, kuma tilas a zuƙe ruwan da ke shiga ramuka kafin a yi haƙa. Ruwan wannan wuri tsohuwar ajiya ce ta dubban shekaru, tun zamanin da Sahara ke samun damina, kuma ruwan saman yanzu ba ya mayar da abin da aka kwashe. A shekarar 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ba da rahoton cewa huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta auna a yankin sun wuce iyakar yuraniyom da aka yarda a sha, ko da yake masu haƙar sun yi jayayya da ita.

To, mene ne matsayin Shari'a? Musulunci bai hana cin moriyar arzikin ƙasa ba, domin Allah ne Ya hore mana shi. Amma ya gindaya sharuɗɗa. Na farko, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ruwa cikin abubuwa uku da jama'a ke tarayya a kansu, tare da ciyawa da wuta. Wanda aka ba izinin haƙar mai, ba a sayar masa da ruwan mutane ba. Na biyu, an hana cuta da cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Na uku, ya tabbata a Buhari da Muslim an hana yin bawali a ruwan da ba ya gudana. In an hana wannan ƙaramar ƙazanta, ina ga gubar da za ta shekara talatin?

Malaman fiƙihu sun yi magana a kan abin da suka kira harimin rijiya, watau filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cuce ta a cikinsa ba. A mazhabar Malikiyya ba a ƙayyade shi da kamu kaza ba. Ma'auninsa shi ne cutarwa: duk inda haƙa za ta janye ruwan rijiyar maƙwabci ko ta ɓata shi, nan harimi ne. Wannan hukunci ya dace da zamaninmu ƙwarai. Idan ilimi ya nuna cewa guba ko matsi na iya tafiyar mil da yawa a ƙarƙashin ƙasa, harimin rijiya ya faɗaɗa ke nan gwargwadon haka.

Kada kuma mu manta da ibada. Kowane almajirin da ya karanta babin tsarki ya san ruwan da wani baƙon abu ya gauraya da shi har ya canza launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, ba a alwala da shi. Wanda ya ɓata rijiyar gari ya taɓa cikin mutane, ya taɓa dabbobinsu, ya kuma taɓa sallarsu. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, aka yi masa albishir da Aljanna. Mai hankali ya auna makomar wanda ya yi akasin haka.

Wannan magana ta iso ƙofar gidanmu. Tun shekarar 2011 ake haƙo mai a Agadem ana tace shi kusa da Damagaram. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin mai na Kolmani, a tsakanin jihohin Bauchi da Gombe. Yawancin ƙauyukanmu da rijiya da burtsatse suka dogara, musamman da rani. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta sa a auna ruwan rijiyoyi kafin a fara haƙa, a ci gaba da aunawa, a kuma sanar da jama'a sakamakon cikin harshen da suke ji. Sarakuna da hakimai kada su sa hannu a kan fili sai sun tambayi inda za a kai ruwan zartsi, da wanda zai toshe rijiyar in man ya ƙare. Injiniya Musulmi ya sani simintin da ya zuba a can ƙasa, inda mai duba aiki ba zai gani ba, Allah Yana gani. Talaka kuma in ya ji warin mai a guga kada ya yi shiru, domin ruwa ba ya tsami banza.

Allah Ya albarkaci arzikin ƙasarmu, Ya tsare mana ruwanmu, Ya sa mu bar wa jikokinmu rijiyoyi masu daɗi kamar yadda muka gada. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.