Datar da Wa'adi Ya Cinye: Saye Ne ko Haya?

Ni ba mai yawan hawa intanet ba ne. A gidana na Maitama akwai na gida, don haka ba na neman data a waya sai tafiya ta kama ni, kamar ranar da zan hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Sai in danna *312#, in sayi ta kwana ɗaya ko ta mako, kuɗi hannu. Sau da yawa wa'adi kan cika ban cinye rabinta ba. To, ragowar ta wane ne?

Wani abokina da muke sallah a masallaci ɗaya ya ce zalunci ne tsagwaronsa: abin da ka saya naka ne, mai sayarwa ba shi da ikon dawowa ya ƙwace. Da saye ne, da na bi shi. Amma a fahimtata wannan ya fi kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira ijara, wato sayen amfani na ƙayyadadden lokaci. Wanda ya kama ɗaki na wata guda ya kwana uku kacal, ba ya bin mai gida bashin sauran kwanakin. Muddin an bayyana adadi da wa'adi da farashi kafin a biya, babu garari. Inda laifi yake shi ne in sayi ta wata don kawai an ce ta fi araha, alhali na san ta kwana biyu nake bukata. Wannan almubazzaranci ne, ba dabara ba, musamman tun da hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Aron data ta *303# kuwa ba na kusantarsa. A ba ka kaɗan, a cire fiye da haka idan ka sa kati. Wasu sun ce ladan hidima ne ko sayarwa ta jinkiri, amma kamfanonin da kansu aro suke kiransa, aron da ke jawo ƙari kuma sunansa riba. Ina roƙon malamanmu su zauna da masana sadarwa su fitar mana da fatawa bayyananniya a kansa.