Yabon Kai Gaban Masu Ɗaukar Aiki: Ina Iyakarsa?

 Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru cikin 1962 tana yaye ɗalibai kowace shekara, su yi hidimar ƙasa, sa'an nan su bazama neman aiki. Waɗansu sukan zauna gaban kwamitin intabiyu a ofis, waɗansu kuwa sukan tsaya gaban mai kanti a kasuwar Sabon Gari. Tambayar da ke jiransu ɗaya ce: me ka iya?

A nan ɗan Musulmi yakan rasa tudun dafawa. Tun yana yaro ake gaya masa yabon kai jahilci ne, ga kuma aya ta 32 cikin Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa. In ya sunkuyar da kai don kunya, wanda bai kai shi ba ya ɗauke gurbin. In ya buɗe baki, yana tsoron alfahari.

Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta warware wannan. A aya ta 55 cikin surarsa, shi da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci abu biyu game da kansa: iya tsare dukiya da sanin aikin. Bai ambaci kyawunsa ba, bai ce shi ɗan Annabi Yaƙubu ne ba. Abin da aikin ke bukata kaɗai ya faɗa, domin shekarun fari suna tafe. Ibn Kasir ya bayyana a tafsirinsa cewa wannan ya halatta ga wanda ba a san matsayinsa ba, idan bukata ta kama.

Saboda haka mai neman aiki ya yi tsabta, ya iso kan lokaci, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya iya ba tare da rawar murya ba. Abin da bai sani ba kuwa ya ce bai sani ba. Amma wanda ya ari takardar shaidar wani, ko ya rage shekarunsa da rantsuwa a kotu, ko ya ce ya iya kwamfuta alhali bai iya ba, daidai yake da mai sayar da hatsin nan da Manzon Allah ya tsawata wa don ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma albashin da aka samu ta hanyar algus shi iyali za su ci kowane wata.

Masu ɗaukar aiki su ma da nasu nauyin. Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ta ba da ma'auni biyu: ƙarfi da amana. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri ya nemi muƙami, Manzon Allah ya hana shi saboda rauninsa, duk da girman matsayinsa a cikin sahabbai. To, ina ga wanda hujjarsa kawai ita ce uwa a gindin murhu?

Allah ya ba masu nema halal, ya ba masu zaɓe adalci. Amin.