Darasin Tauhidi A Cikin Kan Ƙuda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ke 'yar'uwa, kin san ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke yanyame tumatir ko mangwaro idan ya soma ruɓewa. Ƙwaƙwalwarsa ko ƙwayar gero ba ta kai ba. A watan Oktoba na 2024 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Firinston ta Amurka, tare da na Kambirij ta Ingila, suka fitar da cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar irin wannan ƙuda guda ɗaya tak, kuma mace ce.

Sai da aka yanka ƙwaƙwalwar fala-fala har sama da 7,000, aka ɗauki hotuna kimanin miliyan 21, sannan kwamfuta da ɗaruruwan mutane suka yi shekaru suna bin diddigi. Me suka tarar? Ƙwayoyin jijiya kusan 140,000, da mahaɗa fiye da miliyan 50. Mahaɗa ita ce wurin da wata jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo. Ta nan ƙuda ke jin ƙanshin abincinki, ta nan yake kauce wa mafici.

Sunan aikin FlyWire, kuma an buɗe shi ga masu bincike a intanet. Kowace jijiya da lambarta. Mai bincike zai rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni, ya ba ta lambar jijiya, nan take ta faɗa masa yawan mahaɗarta da waɗanda take magana da su.

To 'yar'uwa, tsaya ki lura. Duk wannan wahala ƙidaya kawai aka yi. Ba wanda ya ƙera ko fiffike ɗaya ya busa masa rai. A Suratul Hajji, aya ta 73, Allah (SWT) Ya buga mana misali da ƙuda, Ya nuna cewa duk waɗanda ake kira ba Shi ba, ko sun haɗa ƙarfinsu, halittar ƙuda ta gagare su, kai ko abin da ya ɗauke musu ba sa iya ƙwatowa.

Amma sai ga mace ta sayar da tunkiyarta ko buhun albasarta, ta kai wa boka ko 'yar bori, wai a mallake mata miji, ko a kori kishiya, ko a ba ta haihuwa. Haba baiwar Allah! Wanda ƙuda ya gagara, yaya zai juya zuciyar ɗan Adam, mai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a kansa? Kuɗi sun tafi, imani ya bi su. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu cewa tambayar boka kaɗai na hana karɓar sallar kwana arba'in.

Mu matan Wurno da Rabah da Goronyo muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna bi ƙauye-ƙauye suna raba mata da bori ta hanyar ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno, har littattafan magani ya rubuta. Don haka idan ciwo ne, a tafi asibiti a haɗa da addu'a. Idan matsalar aure ce, a nemi sulhu wajen manya, a tashi tsakar dare a kai kuka ga Mai juya zukata. 'Ya'yanmu mata kuwa a bar su su yi karatu, na addini da na zamani.

Allah Ya kare mana imaninmu, Ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin.