Barci Lalaci Ne?

Mutumin da ya kai shekara 60 ya yi wajen shekara 20 yana barci. Wani zai ce, "Kai, asara! Da noma aka yi a cikinsu, da rumbu ya cika." Mu kan ce barci ɓarawo ne. To, ashe ɓarawo Mahalicci ya sa a jikinmu? Bari mu bincika.

Muddin mutum yana farke, ƙwaƙwalwarsa tana aiki, wani abu kuma yana taruwa a cikinta kamar toka a murhu. Masana suna ce da shi adenosin. Kadan ya yi yawa, sai ido ya yi nauyi. Goro da shayi ba su kwashe shi, sai dai su hana mu jin nauyinsa na ɗan lokaci. In duhu ya yi kuma, jiki ya kan saki wani abu mai suna melatonin, mai shaida wa gaɓoɓi dare ya yi.

Barcin kansa ba iri ɗaya ba ne. A 1953 waɗansu masana biyu a Shikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka lura idon mai barci ya kan yi ta motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa lokaci lokaci. A nan ne yawancin mafarki ya ke. Barci mai nauyi da barcin mafarki suna karɓa-karɓa, kowane zagaye wajen minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. Cikin mai nauyin ne jiki ya ke gyara naman da ya gaji, yaro kuma ya ke girma. Abin da ɗan makaranta ya koya da rana, da dare ya ke zauna masa. Saboda haka babba yana bukatar awa 7 ko fiye. Direban da ya tashi daga Ƙaura Namoda zuwa Gusau ba barci, ya ɗauki ran mutane a hannun da ba shi da ƙarfi.

Ashe barci ba ɓarawo ba ne, ma'aikaci ne. Gaskiya ne Littafin Misalai yana tsauta wa rago mai son gado. Amma Ubangijinmu Yesu da kansa ya yi barci cikin jirgi ana hadiri. Sa'ad da annabi Iliya ya fid da zuciya a jeji, kafin Allah ya yi masa magana sai da ya bar shi ya yi barci, ya ci abinci. Wanda ya kwanta ya yarda ke nan duniya ba a hannunsa ta ke ba.

Ga inda maganar ta shafe mu. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka soma damun ƙasar Zamfara. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da kewayen Banga, mutane da yawa sun kwana a cikin dawa da goyo a baya, kunne a buɗe, sai da asuba su koma gida. Wanda ya daɗe haka ya kan zama mai saurin fushi da mantuwa, jikinsa ba ya iya tsare kansa daga ciwo sosai. In ya yi gyangyaɗi a sujada, kada mu yi masa dariya, kada kuwa mu ce ruhunsa ya yi sanyi.

Me za mu yi? Wanda ya gudo wurinmu, Kirista ko Musulmi, mu kan ba shi tuwo, daidai ne. Mu ƙara masa da tabarma, da ɗaki mai ƙyaure, mu hana yara surutu. Masu gadin unguwa su riƙa karɓar juna, kada mutum ɗaya ya kwana uku a tsaye. Uwar da jaririnta ba shi da lafiya, wata ta karɓe ta dare ɗaya.

Ya 'yan'uwa, mu da muka yi barci jiya har gari ya waye, kyauta muka samu. Wa za mu ba yau?