Baƙo da Kirarin Kansa a Zauren Wikipedia

Masu iya magana sun ce yabon kai jahilci ne, kuma su ɗin dai su ne suka ce baƙonka annabinka. Ba kasafai waɗannan zantuka biyu suke karo da juna ba, sai a zauren Wikipedia, wato kundin sanin nan na intanet wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a watan Janairun 2001, inda kowa ke da damar rubutu da gyara. A can, baƙo yakan yi sallama ne da yabon kansa a baki, domin abin da ya fara zuwar masa a rai shi ne ya rubuta tarihinsa, ko na littafinsa, ko na malaminsa. Kafin ya zauna an share. To, wa ya yi rashin ladabi, baƙon ko masu gida?

Ƙa'idar gidan, musamman a sashen Turanci, ba ta da wuyar fahimta. Ba a son mutum ya rubuta a kan kansa ko danginsa ko wurin aikinsa. In ya ga kuskure game da shi, sai ya bayyana ko shi wane ne, ya kai ƙorafinsa shafin tattaunawa, wani ya duba ya gyara. Sa'an nan ba a buɗe wa kowa shafi sai an sami wasu, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi rubutu mai ƙwari a kansa a jarida ko littafi ko mujalla.

Mu dai muna ganin wannan ƙa'ida daidai ce, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta ɗa ga ubansa, ko da kuwa an san su da gaskiya. Alƙali bai ce sun yi ƙarya ba. Abin da ya sani shi ne zuciya tana da karkata, kuma mai ita ba ya jin lokacin da ta karkata. Shi kansa Wales bai tsira ba. A ƙarshen 2005 aka gano ya sha taɓa tarihinsa a kundin, har da wuraren da suka ambaci rawar da Sanger ya taka wajen kafa shi. A 2006 kuma ta bayyana cewa ma'aikatan wasu 'yan majalisar Amurka suna goge abin da bai yi wa iyayen gidansu daɗi ba. Daga baya abin ya zama sana'a, ana biyan kuɗi a wanke mutum tas, har sai da aka wajabta a 2014 cewa duk wanda aka biya ya yi gyara ya faɗa, sa'an nan a 2015 aka rufe asusu 381 na wasu da ke karɓar kuɗi a ɓoye. Wanda ya ga irin wannan ba zai zargi masu gadin ƙofa da yawan zato ba.

Wani zai ce ai kirari al'adarmu ce, ɗan dambe da maharbi duk suna yi wa kansu. Haka ne, amma ɗan dambe yana kirarinsa ne a fage, abokin karawa na tsaye, 'yan kallo na gani, yanzun nan za a san gaskiyarsa. Wanda ya rubuta tarihinsa a kundi kuwa ya ari muryar da ba tasa ba, muryar alƙalin da ba shi da ɓangare, ya zuba kirarin a cikinta, mai karatu bai sani ba. Nan ne ha'incin yake, ko da kowace kalma gaskiya ce.

Sai dai ƙa'idar tana da tsada, kuma bai kamata mu ɓoye ba. A 2012 marubucin Amurka Philip Roth ya nemi a gyara bayanin da aka yi a kan littafinsa The Human Stain, inda aka ce rayuwar Anatole Broyard ce ta ba shi labarin, alhali shi ya ce ta abokinsa Melvin Tumin ce. Aka amsa masa cewa maganarsa kaɗai ba ta isa ba, sai da majiya daga waje. Sai ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar The New Yorker, wasiƙar ta zama hujjar da ake nema. Roth yana da ƙofar da zai buga a buɗe masa. Donna Strickland ta ƙasar Kanada kuwa, a watan Mayun 2018 aka ƙi karɓar shafin da wani ya tsara mata, wai ba a yi isasshen rubutu a kanta ba. Watan Oktoban shekarar ta ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziya, mace ta uku a tarihi.

In haka ta faru da waɗannan, ina ga marubucinmu na Hausa, wanda sunansa ya zaga ta bakin masu karanta littattafai a rediyo da rumfunan kasuwa, matan aure sun haddace taurarinsa, amma babu takarda ɗaya da wani ya zauna ya yi sharhi a kansa? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta dace, domin manazarta sun yi rubutu a kanta, kuma an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci a 2012. Ɗaruruwan 'yan uwanta ba su sami haka ba. Irin wannan marubuci in ya gaji da jira ya rubuta nasa da kansa, ba girman kai ya kawo shi ba, tsoron mantuwa ne.

Saboda haka nauyin ladabi ya fi yawa a wuyan ɗan gida, don shi ya san hanya. Wikipedia ma tana da ƙa'idar da ta hana cizon sababbin shiga, da wata da ta ce a kyautata zato. Rubuta ƙa'ida daban, aiki da ita daban. Binciken da Aaron Halfaker da abokansa suka buga a 2013 ya nuna cewa bayan 2007, lokacin da masu gyara a sashen Turanci suka kai ƙololuwar yawansu, saurin share aikin baƙi da saƙonnin gargaɗi na na'ura sun kori mutane da yawa masu kyakkyawar niyya. Share shafin na iya zama wajibi, amma ba ya hana a ce wa mutum sannu da zuwa, a gaya masa dalili da harshen ɗan Adam, a nuna masa wani aikin da zai iya, kamar tarihin garinsu ko bayanin rini da jima da ya tashi yana gani.

Shi kuma baƙo, abin da ke kansa shi ne ya faɗi ko shi wane ne, ya fara da gyaran ƙananan kurakurai, ya bar zancen kansa ga wasu. To, su wane ne wasun? Mu ne, 'yan wannan ƙungiya. Majiyar da kundin yake nema ita ce sharhin da muke ƙyuyar rubutawa a kan littattafan juna, ko don kunya, ko don gudun ɓacin rai, ko kuma, mu faɗi gaskiya, don hassada. A taron ƙaddamarwa mukan yi yabo da baki, iska ta kwashe. Shafi biyu na nazari mai suna da kwanan wata, wanda ya faɗi kyau ya faɗi aibi, shi ne abin da wani ɗalibi a Zariya ko Damagaram zai ɗauka nan da shekara goma ya buɗe wa marubucin shafi ba tare da ya taɓa saninsa ba.