Niyya da Ƙayyade Buri Kafin Jarrabawa

 

Jawabinmu na wannan mako yana fuskantar ɗalibai ne da iyayensu, musamman na Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, inda ta'asar 'yan bindiga, wadda ta tsananta daga 2020, ta katse wa yara da yawa karatu. Duk da haka takardar da za a ba ɗan Tsamaye ita ce za a ba ɗan Legas, ba ragi.

Abin da ya fi damunmu shi ne yawan jin ɗalibi yana cewa, "Allah dai ya sa in ci," alhali bai san me ake nufi da cin ba. Ya ɗan'uwa, shiga jami'a na bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Ita kuwa jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, fanni 4 ce, maki 400. Wanda ya gwada kansa da tsofaffin tambayoyi ya sami 140, kuma yana neman 200, to, maki 60 ke gabansa, watau 15 a kowane fanni. Ya rubuta wannan, ya raba wa makonnin da suka rage masa, ya fara da fannin da ya fi jin tsoro.

Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar Gobir. Malamanmu na allo sun daɗe da shi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Gardin da ke son hadda ba ya cewa zai haɗiye su dare ɗaya. Sumuninsa yake rubutawa, ya biya, ya kai wa malam, sannan ya wanke allo. Ya tabbata a hadisi cewa Allah ya fi son aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Haka kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Rubutun sha, in ba a buɗe littafi ba, sakin raƙumi ne.

Sai dai a kula, son maki kada ya kai mutum ga satar amsa. Annabi (SAW) ya taɓa sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kore mai algus daga cikin jama'arsa. Uban da ya biya kuɗi a rubuta wa ɗansa jarrabawa, shi ma yana cikin laifin.

Wani abu kuma, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Ya kamata masu hali da ƙungiyoyin ci gaban garuruwan nan su tanadi wurin da yaro zai taɓa na'urar kafin ranar jarrabawa.