Shin Gani Ya Kori Ji?

Bahaushe ya tattara ƙofofin saninsa cikin kalmomi biyu, gani da ji. Ido kaɗai ke gani, amma ƙamshin turare da ɗacin maɗaci da zafin rana da amon ganga duk jin su ake yi, har wanda ya iya harshe akan ce yana jin Hausa. Sannan ya yanke hukunci tsakaninsu, ya ce gani ya kori ji. Malaman falsafar Jain na ƙasar Indiya ba za su sa hannu a wannan hukunci ba.

Umasvati, cikin littafinsa Tattvartha Sutra, ya kasa sani gida 5. Na farko shi ne mati, wato abin da gaɓoɓi da zuciya suka kawo. Na biyu shruta, sanin da ke zuwa ta kalma, wanda kuwa sai mati ya riga shi. Duka biyun ya ce sani ne ta hannun ɗan aike, domin ido ma manzo ne tsakanin rai da abu.

A ɗauka mutum biyu suna shaidar iyakar gona gaban dattawa a Tungan Maje, kan hanyar Zuba zuwa Gwagwalada. Ɗaya ya ce rafi ya raba gonakin, ɗaya ya rantse babu rafi a wurin. Na farko da damina ya je, na biyu da rani. Kowannensu ya gani, amma da ganin ya zama magana sai lokaci da matsaya suka zube a hanya, kuma abincin gidan wani ya rataya a kan abin da ya zube.

Saboda haka 'yan Jain suke gabatar da kowane zance da syat, ma'ana ta wata fuska, kamar yadda Mallisena ya yi sharhi a 1292. Har suna da matakin abin da ba ya faɗuwa, tunda harshe ba ya furta "akwai" da "babu" a numfashi ɗaya. Shankara ya zarge su da tufka da warwara. A ganina zargin ya yi tsauri, don ba su ce kowa ya yi gaskiya ba. Dattijon da ya tambayi shaidun nan watan da kowannensu ya je gonar, syat yake nema.